Haya a Garwa: mu ke gyara, mu ke biya, mu ake kora

Wai don Allah wa ya ɗora wa ɗan haya a Garwa ta arewacin Kamaru aikin ƙarasa ginin gidan wani? Don abin da muke yi ke nan, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Za a ba ka ɗaki ba silin, banɗaki ba ƙofa, taga an toshe ta da kwali. Ka tsakuro daga kuɗin cefane ka sa ƙofa, ka cike ramukan ɓeraye da siminti, ka shafa farar ƙasa. Ranar da wurin ya fara kama da mazaunin mutane, ranar mai gida zai leƙo, ya zagaya da hannuwa a baya, ya ce ma sha Allah. Ba za a rufa wata biyu ba saƙo zai iso, haya ta ƙaru. In ka buɗe baki, ai dama ɗansa zai yi aure, yana bukatar gidansa. 'Ya'yan masu gidan haya a garin nan kullum cikin shirin aure suke, amma ka bi ta ƙofar gidan bayan an kore ka, wani ɗan hayar za ka gani yana shanya.

Haka aka yi mana. Ciki da falo ne a wajen Yelwa, sefa dubu 25 a wata. Nan aka kawo ni amarya, nan na haifi yarana biyu. Rana tsaka aka ce daga watan gobe dubu 35. Da maigidana ya ɗauki yayansa suka je roƙo, Alhaji ya zauna ya jero musu dalilai: siminti ya hau, an buɗe jami'a a Garwa tun 2022, ɗalibai da malamai na neman ɗaki ido rufe, gari ya ci gaba tun da aka buga gasar Kofin Afirka a filin Rumde Ajiya. To madalla. An buga ƙwallo, an kafa jami'a. Me ya ƙaru a ɗakin? Yoyon da ke zuba kan shimfiɗar yara tun daminar bara yana nan daram. Simintin da ya hau ɗin kuwa, mu muka saya muka lafta a bangonsa.

Sai neman gida, wato sai faɗawa hannun dillalai. Kafin dillali ya ɗaga ƙafa sai an ba shi kuɗin gani, kuma ba na yini ba, na kowane gida. Kai za ka biya masa moto, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa. Ya kai ka gidan da ya san an riga an kama, ya tsaya yana taya ka jimami. Ya kai ka wanda ruwa ke kwana a tsakar gidansa in an yi sama, ya ce, "Hajiya, iska kawai za ki duba, wannan kamar don ke aka gina shi." Da rani ake nuna irin waɗannan gidaje, kuma sun san abin da suke yi. Alamar ruwa tana nan a bango har gwiwa, in ka nuna ya ce tsohon fenti ne. In Allah ya sa aka dace, ladansa kuɗin wata ɗaya cur, daga aljihunka, alhali mai gidan ya yi wa aiki.

Mun samu wani can bayan Jambutu, shi ma dubu 25. Sharaɗi: wata shida a gaba, da kosiyo na wata biyu, wato kuɗin ajiya da ake mayar wa ɗan haya in zai tashi. Ku yi lissafin da kanku. Dubu 200 ga mai gida, dubu 25 ga dillali, kafin a ɗauki ko cokali. A 2023 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama dubu 60 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba. Wato mai irin wannan albashi sai ya tara na kusan wata huɗu, bai ci ba bai sha ba, yaro bai yi zazzaɓi ba, kafin a miƙa masa makulli. Masu ɗinki da masu moto da masu tebur a kasuwa fa, waɗanda ko wannan albashin ba wanda ya yi musu alkawari? Mu dai adashina aka kwasa tun kafin zagayena ya zo, na roƙi uwar adashi ta musanya ni da wata, aka haɗa da bashin da har yau in na ga mai shi a hanya sai in ji ƙirjina ya buga.

Mun sa rai da kosiyonmu na tsohon gida, dubu 50. Ranar miƙa makulli Alhaji ya shigo da yaronsa riƙe da biro. Suka ƙirga ramukan ƙusa. Suka ce fenti ya dushe, fentin da mu muka saya, mu muka biya mai shafawa. Suka ce kwan fitilar waje ya mutu. Ƙofar banɗakin da muka sa, da famfon da muka canza, da wayar da muka ja zuwa kicin, ba wanda ya ga waɗannan. Da na ce, "Baba, ƙofar nan fa da kuɗinmu aka yi ta," sai ya dubi maigidana ya ce bai saba magana da mata kan harkar kuɗi ba. Lokacin karɓar haya a hannuna in maigida ya yi tafiya, ya saba sarai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, doka ta san da zamanmu, amma ta gefe guda. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 yana da sashe na 322-1: ɗan hayar da ke da yarjejeniya mai rajista, in bashin wata biyu ya hau kansa, aka ba shi gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba bai tashi ba, ana iya ɗaure shi daga wata shida zuwa shekara uku, da tarar dubu 100 zuwa dubu 300. Kurkuku fa, a kan kuɗin haya! To mai gidan da ya haɗiye kosiyo, ya ƙara haya ba gargaɗin kirki, ya bar rufi na zuba a kan jarirai, shi wa ke kiransa? Yawancinmu ma ko takarda ba a rubuta mana. Ka nemi rasit a ce ka raina dattijo, ana zumunci kana maganar takarda.

Da asuba muka tashi, kamar yadda kowa ke yi, don kada unguwa ta fito ta ƙirga maka tsummokaranka. Mai keke mai ƙafa uku ya faɗi kuɗin da sai da na sake tambaya ko Marwa ya ji za mu. Ban ga laifinsa sosai ba. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda shi ke riƙe da motocin arewa, shi ma ya daina arha tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. Laifinsa da na gani shi ne lodi. Don ya rage sawu, ya ɗora kabad a kan buhun gawayi, ya ɗora katifa, ya ɗaure da igiyar roba ya ja iya ƙarfinsa, ya bi hanyar da ba kwalta a guje.

Maza ba za su gane wannan ba, amma mata sun san abin da nake nufi. Kayan ɗakin nan ba katako ba ne kawai. Inna ta yi shekaru tana tara su, kwano bayan kwano, ta sayar da tumakinta biyu a kan gado da kabad. Ranar jere ƙannen babana da 'yan'uwan Inna sun yini suna gyara, suna ja da baya suna dubawa. Ga shi an sauke mini kabad ƙofa ɗaya a hannu, madubi ya tsage gida biyu, bayansa ya ɓurme. Irin katakon nan ne na garin itace da aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, sau ɗaya ake haɗa shi, in aka kwance ƙusa ba ta sake kamawa. Ƙafar gado ta karye daga gindi. Samiru na sun ɓantale. Mai keke ya ce, "Uwargida, ai dama kayan sun gaji," ya miƙo hannu a cika masa kuɗinsa. Har yau ban faɗa wa Inna ba. In ta kira ta ce yaya sabon wuri, in ce alhamdu lillahi.

Daga nan aka shiga abin da masu ba da shawara ke kira haɗa gida cikin rahusa. Kowa malami ne a wannan fanni, musamman wanda ke zaune a gidan gado. Je wurin kafinta, ya fi na kanti sauƙi. Mun je. Katako ba a nan yake tsirowa ba, daga dazuzzukan kudu da gabas ake kawo shi. Jirgin ƙasa tun da ya iso Ngaundere a 1974 bai ƙara gaba ba, sauran tafiyar sama da kilomita 250 a bayan manyan motoci ake yi, a gangaro ta hawan nan mai cin birki. Kowane kilomita a kanmu yake ƙarewa. Jan katako mai ƙarko ba na irinmu ba ne, sai fari, wanda gara ke yi wa maraba. Kafinta ya karɓi rabin kuɗi ya ce sati ɗaya. Daga nan kullum gobe in sha Allahu. Yau ba wuta, gobe yaronsa ya tafi ƙauye, jibi an yi masa rasuwa. Da ya ga dama ya kawo kantar kwanuka, ɗanyen katako ne, iskar hunturu na bugunsa ya murɗe, yanzu sai an sa dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Gadon kuwa muna nan muna jira, a ƙasa muke kwana, ni da ciwon baya tun haihuwar ƙaramin.

Je brokanti, kayan Turai ne, sun fi sabo ƙarko. Kayan da Turawa suka zubar, aka loda a kwantena zuwa Duwala, aka hauro da su nan ana sayar mana kamar an yi mana alfarma. Firiji a jona maka shi minti biyu ka ji yana gurnani, shi ke nan an gwada, in ka fita da shi babu dawowa. Maƙwabciyata ta sayi kujerar zaure a irin wurin nan, da kuɗin cizo ta shigo gidanta, sai da ta ƙona ta. Araha ba ta ado, an faɗa, amma wannan ko arahar babu. Robobi da bokitai da kujerun roba kuwa, waɗanda ake shigowa da su daga Najeriya, naira ta faɗi warwas a shekarun nan, kowa ya sani, amma farashinsu a kasuwa ko gezau. Ka tambaya a ce shingaye sun yi yawa a hanya, kowane shinge da hannun da ke miƙe. In gaskiya ne, to mu ke biyan masu shingen ma ke nan.

Abin da na saya ban yi da-na-sani ba, tabarma da randa ne, a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi. Ba su yi mini ƙarya ba.

Wutar sabon gidan mita ɗaya ce, mu iyali biyar. Wata na farko aka kawo takarda har da bashin wanda ya tashi kafin mu zo, mai gida ya ce a raba daidai, in ba haka ba a yanke wa kowa. Mun biya wutar da wani ya sha. Rabon ma da ƙirgen kwan fitila ake yi, mai firiji da dutsen guga ya ɓoye su a ƙarƙashin gado ranar ƙirge. Ita wutar ma ina take? Madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gama a 1982, mai megawat 72, ita aka dogara da ita shekara da shekaru, in ruwa ya ja baya sai a shiga rabon duhu. An ƙara tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, mun ji a rediyo, mun yi murna. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, fanka kan tsaya tsakar dare, yara su tashi da kuka, jikinsu duk ƙurajen zafi, in zauna ina fifita da murfin kwali har kiran assalatu. Ruwa kuma famfon gidan ado ne. Ga Binuwai kwance a gefen gari, mu muna tsaye a ƙofa muna jiran mai kura, kuma da zafi ya tsananta kuɗin jarka ya tashi.

Dubu goman da muka gudu don kada mu ƙara wa Alhaji, yanzu masu moto ke cinye ta, har da ƙari. Maigida ya fita tun da duhu, ya dawo bayan isha'i a gajiye, magana kaɗan sai faɗa, a kan abin da ba shi ya jawo ba ba ni na jawo ba. Dangin miji su zo ganin gida, su zauna a tabarma suna waige-waige, wata ta ce, "Amarya, ina kujerunki na jere?" Kujerun suna gidan yayata a jibge, falon nan ba zai ɗauke su ba, dillali da taku ya auna shi ya ce ya isa.

Kada wanda ya sake ce mini haƙuri, kowa haka ya fara. Ba kowa ba ne, kuma waɗanda suka fara hakan ba su ce daɗi suka ji ba. Abin da nake nema ba shi da yawa: a rubuta yarjejeniya a gaban jauro ko lawan, wato masu unguwa, kowa ya riƙe kwafinsa, a rubuta halin da aka tarar da gida ranar shiga, gyaran da ɗan haya ya yi a cire shi daga haya, mai gida ya biya dillalinsa da kansa. Maganar kosiyonmu kuma na riga na kai ta gaban jauron tsohuwar unguwarmu, duk da maigidana ya so a bar wa Allah. Alhaji ya aiko wai a yi haƙuri a rufa wa juna asiri. Dubu hamsin ɗinmu nake so. An sa mana Litinin bayan la'asar, in ya zo da lissafin ƙusa, zan zo da mai waldar da ya yi ƙofar banɗakin, ya faɗa da bakinsa wanda ya biya shi.