Matakala uku a ƙofar banki

Ranar Litinin na raka yayana banki. Shan inna ce ta kama shi yana ɗan shekara uku, tun daga nan ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Gyaran waya yake yi, akwai yara huɗu a shagonsa da ke koyon aiki a hannunsa, kuma shi ya biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare lokacin da mahaifinmu ya kwanta jinya. Katinsa na cirar kuɗi ne ya daina aiki, aka ce sai ya zo da kansa.

Muna isa muka tarar da matakala uku. A samansu kuma ga ƙofar nan ta gilashi mai kama da keji, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka, ko mukulli ne a aljihunka sai ta hau ƙara, balle keken ƙarfe. Maigadi ya dube mu ya ce, "Alhaji, sai dai ka jira a nan, bari in kira wani ya fito." Muka tsaya a rana kusan minti arba'in. Muna cikin jira wata baiwar Allah ta fito daga ciki, ta buɗe jaka ta miƙa masa naira ɗari biyu, ta ce, "Malam, ga sadaka, a sa mu a addu'a." Yaya ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ni ma wajen kuɗina na zo." Kunya ta kama ta, har ta rasa inda za ta sa kanta.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da aka tarbiyyantar da mu a kai ta yi. Mu mutane ne masu tausayi, da mun ga gurgu ko makaho hannu ya tafi aljihu. Sai dai tausayin namu a aljihun yake tsayawa. Mun riga mun ware wa nakasasshe mazauni a cikin zukatanmu: bakin danja, ƙofar masallacin Juma'a, gaban gidan biki. In aka gan shi a wani wuri daban, sai a ɗauka ɓatan hanya ya yi. Shi ya sa mai zanen gini ke zana matakala ba tare da ko ɗar ba, don a lissafinsa mai keke ba shi da abin yi a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi, akwai doka. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, bayan ƙungiyoyinsu sun shafe shekara da shekaru suna safa da marwa a Majalisa. Dokar ta ce wanda ya nuna wariya za a ci shi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, in kamfani ne naira miliyan 1. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ce a fara sallamarsu a layi. Ta ce kada a amince da zanen ginin jama'a sai an ga hanyar da mai keke zai bi. Sannan ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin gine-gine. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Ku zagaya sakatariyar ƙaramar hukumarku, ku leƙa kotu, ku hau gadar tsallaka titi, ku dawo ku faɗa mini abin da ya sauya. An kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, kuma wanda ke riƙe da ita yanzu, Ayuba Gufwan, shi ma shan inna ce ta kama shi, ya kuma daɗe yana ƙera kekunan guragu a Jos. Ya san ciwon. Amma hukuma ɗaya a Abuja ba za ta bi ƙananan hukumomi 774 tana auna ƙofofi ba.

Inda aka ce an gyara ma, wani lokacin gara ba a yi ba. Za ka ga an watsa siminti a gefen matakala, gangara a miƙe kamar bangon rijiya, an kuma shafe ta da tayil mai santsi. Ƙa'idar da masana gini suka sani ita ce duk tsawon taku ɗaya da za a hau, sai an ba shi taku 12 a kwance. Matakala ukun bankin nan ba su wuce santimita 45 ba, ke nan gangarar mita biyar da 'yan kai ake buƙata, da ƙarfen riƙewa a gefe. Wadda ake yi mana ta mita ɗaya ba don gurgu ake yinta ba, don mai ɗaukar hoto ake yi.

To amma bari in bar gwamnati ta huta, in zo gida. Masallatanmu fa? Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ana tara miliyoyi a gina masallaci, a sa hasumiya, a sa fitilu masu walwali, a ɗaga harsashi sama saboda ruwan damina, sannan a jera matakala bakwai. Wurin alwala sai ka tsallaka lambatu. Banɗaki kuwa ƙofarsa ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga. Yayana kan bar kekensa a waje ya ja jiki da hannu, ya bi ta kan jiƙaƙƙen simintin da kowa ya taka da takalmi, da waɗannan hannayen kuma zai yi sujada. Da damina sau da yawa a gida yake salla. Alhali duk mun haddace Abasa tun muna makarantar allo, mun san saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ta sauka. Mun san ladani ne, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Mun san hadisin makahon da ya nemi izinin yin salla a gida, aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce eh, aka ce to ya amsa. In an ce ya amsa, wa ke da alhakin share masa hanya? Alhazanmu sun ga yadda ake ɗawafi da sa'ayi a kan keke a Harami, sun dawo da zamzam da dabino, wannan darasin ne kawai ba ya shiga jaka.

Kurame ma haka. Suna da harshensu, maganar hannu, ga makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suna yaye ɗalibai. Masallaci nawa ne ke tsayar da mai fassara huɗuba ko tafsirin azumi da hannu? A asibiti sai mace kurma ta je awo da ƙaninta, ta hanyarsa za ta faɗa wa likita abin da ko mijinta take jin nauyin faɗa wa.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Malam, ana ta abinci wa ke ta gangara?" Na ji. Jigawa ma tun zamanin Sule Lamido ta fara ba nakasassu alawus na wata-wata, kuma ban raina ba. Sai dai wanda aka hana shiga aji, aka hana shiga ofis, aka hana shiga kasuwa, dole ka ciyar da shi har ya mutu, kuma gobe ka turo a kama shi da laifin bara. Ku tuna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa. An tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a 2020, muka yi murna, amma yaran da ta kama a wancan lokacin yau samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya, suna neman aiki da aure. Ƙara da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga ya raba da ƙafa ko hannu, da na haɗarin babur, da tsofaffinmu masu ciwon gwiwa da ake ɗorawa a kujerar roba a sahun baya.

A bankin nan kuwa, daga ƙarshe wani matashin ma'aikaci ya fito da takardu, yana ta ba da haƙuri, Yaya ya ɗora su a kan cinyarsa ya sa hannu, masu wucewa suna kallo. A hanyar dawowa na ce masa zan yi rubutu a kai. Ya ce, "Rubuta, amma kafin nan ka samo mini birkila ya auna ƙofar masallacin layinmu." An auna jiya. Siminti buhu shida ne da yashi da tsakuwa, sai kuɗin aiki. Yaya ya ce shi zai sayi simintin. Saura in tunkari kwamiti ranar Juma'a, don na ji shugabansu na cewa gangara za ta ɓata fuskar ginin.