Lambar da ta kunyata Fermat

Jiya da daddare ɗan yayata da ke aji biyar na sakandare ya kawo mini littafin lissafinsa, wai ya gano wata dabara. Na ce ya aka yi ka san tana aiki? Ya ce, "Kawu, sau biyar na gwada, duk ta yi." Sai na yi dariya, na ce ɗauko wayarka ka rubuta wannan: 4,294,967,297.

Lambar tana da tarihi. Wani Bafaranshe mai suna Fermat, ɗan shari'a da ke yin lissafi a lokacin hutunsa, ya lura da jerin 3, 5, 17, 257 da 65,537. Yadda ake samun su, ka cire 1 daga wadda kake da ita, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da 1 ɗin. Duka biyar ɗin ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk na gaba ma haka za su zama. Ta shida ita ce wannan ta biliyan huɗu da 'yan kai.

Shekara 92 maganar tana nan daram, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa 641 tana raba ta tsaf. Yaron nan bai yarda ba sai da ya buga 641 sau 6,700,417 a waya, lambar ta fito, ya yi tsit. Su biyun kuma ba sa rabuwa, ke nan ban da 1 da kanta, su kaɗai ne ke raba ta.

Ni abin da ya fi ba ni takaici a madadin Fermat, Euler ya tabbatar daga baya cewa duk abin da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. In ka tace ka bar waɗanda ba sa rabuwa kawai, waɗanda za ka gwada su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji na biyar! Aikin da bai kai tsakanin Magariba da Isha ba ga mutum irin Fermat. Har yau kuma, duk da kwamfutocin duniya, ba a sake samun ko ɗaya a jerin da ba ta rabuwa ba.

Shi ya sa nake ganin laifinmu ne mu manya da malaman lissafi. Muna ba yara misali uku a allo, mu ce to haka yake, a wuce. Ba ma tambayar su dalili, su ma sun daina tambayar mu. Labarin nan minti goma ya ishe shi a aji, amma ni sai da na gama makaranta na ji shi.

Yaron dai ya koma ya gwada dabararsa karo na shida. Ta yi. Ya dawo yana murmushi, na ce je ka kawo mini dalili.