A ofis ake taka totur ɗin masu jinyar gida

Idan ana lissafa haɗurran aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, an fi ambaton ciwon baya wajen ɗaga majinyaci, da ɗaukar cuta, da sukar allura. Hanya ba ta cika shiga lissafi ba. Alhali ma'aikaciyar da ke zagaya gidaje da dama a yini, kaso mai tsoka na aikinta a kan titi yake ƙarewa, titin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 duk shekara.

A ganina, yawancin gangancin da ake ɗora wa waɗannan ma'aikata daga ofishin da ke tsara musu jadawali yake tasowa. A ce an rubuta mata ta gama da wani dattijo ƙarfe 9:00, ta kuma kasance a gida na gaba 9:05, alhali tafiyar ta minti 20 ce. Gaba kura, baya sayaki: ko ta rage wa dattijon lokacinsa, ko ta rama a hanya. Mai tausayi ba za ta bar tsoho da kumfar sabulu a jiki ba, don haka totur ne zai sha taku.

Abin takaici, gudun ba ya biyan bukata. Tafiyar kilomita 10 a gudun kilomita 50 a awa minti 12 ce, a gudun 60 kuma minti 10. Ribar minti biyu ke nan. Hukumar Lafiyar kuwa ta nuna cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4 cikin 100. Kuma a unguwannin zama ake wannan aiki, inda yara ke fitowa daga bayan mota ba zato.

Sai waya. Direban da ke amfani da ita ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma saka ta a lasifika bai rage wani abin kirki ba, tunda hankali ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba. A gudun 50 mota na cin mita 14 a daƙiƙa guda; duba saƙo na daƙiƙa uku tafiyar sama da mita 40 ce ido a rufe. To, wa ke kiran? Sau da yawa ofis ne, ana tambayar "kina ina?", ko dangin majinyaci da suka ƙagu. Kamfanin da ya hana waya a takarda amma yake faɗa idan ba a ɗauka ba, yaudarar kansa yake yi.

Gajiya ma haka. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 ba barci, kuzarin hankalinsa na raguwa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Wadda ta kwana a gefen gadon majinyaci, sannan aka ce ta "ɗan biya" wani gida da safe, a wannan hali take. Sauke gilashi ko ƙure rediyo ba ya korar gyangyaɗi. A tsaya a runtsa na minti 15 zuwa 20 shi ne magani.

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuɗi ba ya isa. Gaskiya ne. Sai dai ma'aikaciyar da ta karye ta kwanta wata uku, gidajen da take zuwa duka sun rasa ta. A 2015 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ma'aikatan da ba su da wurin aiki tsayayye, tafiyarsu daga gida zuwa wurin aiki na farko da dawowa daga na ƙarshe lokacin aiki ne. Ko inda wannan hukunci bai kai ba, hujjarsa ta isa: a saka tafiya cikin jadawali, a biya ta, a haɗa wa mutum gidajen da ke kusa da juna.

Ma'aikaciya ma da nata. Ta ɗaura bel ko tafiyar layi biyu ce, ta sa hular kwano in babur ne, ta ɗaure tukunyar oksijin da keken guragu kada su zama makami idan an taka burki da ƙarfi. In ta ga za ta makara, ta faka ta sanar, ofis kuma ya zama shi zai ba dangin majinyaci haƙuri.