Katin da ruwa ya tafi da shi

A makon jiya na halarci rabon kayan agaji a unguwar Alajo da ke birnin Accra, kusa da kogin Odaw, inda wata ƙungiya ta kawo shinkafa da katifu da bokitai ga waɗanda ambaliya ta shiga gidajensu. A kan idona aka sallami wata dattijuwa hannu rabbana, laka har ƙaurinta, saboda ba ta da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana. Ta ce wa yaron da ke riƙe da rajista, "Ɗana, ruwan da ya ci katifata shi ya tafi da katin." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, umarni ne daga ofis."

Wannan umarni shi ne abin da ƙungiyoyin agaji ke kira matakin kauce wa haɗari a gudanar da aiki. Amma haɗarin wa aka kauce wa? Abin da aka tsare shi ne littafin lissafin ƙungiya, domin kada mai binciken kuɗi ya ga suna babu lamba. Yunwar dattijuwar ba ta da gurbi a takardar, kuma matashin ɗan sa-kai, wanda gobe zai haɗu da jikokinta a masallaci, shi aka bari da kunyar.

Za a ce idan babu kati 'yan damfara za su karɓi kaso biyu. Wanda ya ƙware a damfara ai katinsa na aljihu, a bushe.

Abin takaicin shi ne ambaliya ba baƙuwa ba ce a Accra. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle sun halaka mutum sama da 150. A 2023 sakin ruwan madatsar Akosombo ya raba dubban mutane da muhallinsu a garin Mepe da kewaye, can yankin Volta. Duk wanda ya tsara aikin agaji a ƙasar nan bai hango cewa ruwa na cin takardu ba, to bai auna haɗarin komai ba, kansa kawai ya kare.

A yi rajistar gidajen bakin Odaw tun kafin damina ta kankama a watan Mayu, a kuma karɓi shaidar limami da sarkin zango da magajiya, wato shugabar matan unguwa, idan kati ya salwanta, a rubuta sunan mai shaidar domin ya ɗauki alhaki. Limamin unguwar ya san dattijuwar nan tun kafin a haifi yaron da ya sallame ta, kuma yana tsaye a wurin, babu wanda ya tambaye shi.