Kun hau bene, kun bar shi a ƙasa

Jiya da yamma na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ƙungiyar ɗalibai ta kira taro kan haƙƙin ɗalibi, aka sa shi a hawa na biyu, a ginin da ba shi da hanya sai matakala. Wani ɗalibi ya zo a keken guragu, ya tsaya a ƙasa fiye da rabin awa. Masu ɗauke da kwalaye suna wucewa ta gefensa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma ya tsaya ya ɗauki hoto da shi, sannan ya haye.

Haba ƙannena! Haƙƙin wa kuka hau nema a can sama?

Ku ne za ku rufe ƙofar jami'a kan kuɗin makaranta ko rashin wuta a hostal, kuma ban ga laifinku ba. Amma makahon da ake raba wa takardar lacca kamar kowa, da kurman da ke zaune awa biyu yana kallon bakin malami ba mai fassara masa da hannu, ba ku taɓa ɗaga musu kwali ba. Sai lokacin zaɓe ku tuna da su, ko ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya, ku watsa hotunansu a Facebook. Wannan wayar ma ita ta cinye muku kunya, komai sai an ɗauka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuma kuna magana da yawunsu ba ku tambaye su ba. A watan Maris na 1988, ɗaliban jami'ar kurame ta Gallaudet a Amurka sun rufe makarantarsu kusan mako guda, har aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko da ya shugabance ta. Da kansu suka yi. Ba tausayi suke nema ba, wuri suke nema a teburin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida na rayuwa da naƙasa. Haɗari ɗaya ya isa ya mayar da ɗayanku kan wannan keken. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku gyara, don Allah. A zamaninmu ba mu da manyan kalmomi, amma da an ga irin wannan, kafin a ce komai mutum huɗu sun kama keken, ko taron ya sauko ƙasa. Jiya sai da ya juya kekensa ya tafi, tafi na tashi daga sama.