Ku bari sai kun isa kafin ku ɗora

Bidiyon lefen nan da kuke ta yaɗawa tun shekaranjiya, ni bai burge ni ba, tsoro ya ba ni. An baje akwatuna a tsakar gida, an ɗaga sarƙar gwal ana nuna wa kyamara, mai ɗauka ta juya har an ga get ɗin gidan da lambar motar da ke ciki. Sai kuma ga katin gayyata ya biyo baya, da sunan unguwa da layi da lambobin waya da lokacin kai amarya, wato daren da kowa zai fice a bar gidan sai tsohuwa da yara. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya tura shi gaba yana da kamasho.

Jama'a, me infoma yake sayar wa 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari? Wa ke da shi, ina yake, yaushe za a same shi. Shi ke nan hajarsa. Biyansa ake yi, kuma yana yi ne a ɓoye don ya san ranar da asirinsa ya tonu ya kaɗe. Yau mu ne ke yin aikin nan da hannunmu, kyauta, har da hoto. Mutum yana tasha zai ɗauki motar da ya shiga, ya rubuta "Kaduna ga mu nan tafe, a sa mu a addu'a". A hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka daɗe ana tare motoci, har jirgin ƙasa aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022. Addu'a kake so? Kira mahaifiyarka ta yi maka. Hoton kuma ka bari sai ka isa.

Na san za a ce mini Allah ne ke tsarewa. Haka ne, babu ja. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin. Annabi Yaƙub ya hana Annabi Yusuf faɗa wa 'yan uwansa mafarkinsa, 'yan uwansa fa na jini. Kai kuwa mutum dubu biyar kake sanar wa inda kake kwana, waɗanda ko ɗari a cikinsu ba ka taɓa gani ido da ido ba.

Masu cewa "ni wa ya san ni, me gare ni" kuma, ku je ku tambayi ƙauyukan da ake ɗauke manomi a gonarsa a nemi babur da katin waya. Babu wanda ya yi ƙanƙanta yanzu. Ita ma mai cewa sitatus ɗinta 'yan uwa kaɗai ke gani, ki buɗe wayarki ki duba. Akwai lambar tela, da mai adaidaita, da mai kawo gas, da ƙawar da kuka ɓata tun bara. Sikirinshot ɗaya ya isa ya fitar da hoton daga hannunki har abada.

A watan Oktoban 2016 'yan fashi suka shiga masaukin Kim Kardashian, shahararriyar tauraruwar talbijin ta Amurka, a birnin Paris, suka ɗaure ta, suka kwashe kayan ƙawa har da zoben da ya kai dala miliyan 4. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa da bakinsa cewa abin da take ɗorawa suke bibiya. Matar da ke yawo da mai tsaron lafiya ke nan, kuma daga baya ita kanta ta ce ta daina ɗora abu sai ta bar wurin. A Japan kuma, a 2019, wani ya gano tashar jirgin da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar zuƙo hotonta ya duba abin da ya fito a ƙwayar idonta, ya gwada da hotunan tituna na Google Street View, ya bi ta har gida ya kai mata hari. Ƙwayar ido fa! To ina ga wanda ya ɗauki allon sunan layinsu ɓaro-ɓaro?

Wani ma bai san wayarsa na yi masa shela ba. Idan kin kunna taswirar Snapchat ga duk abokai, duk sanda kika buɗe manhajar za su ga inda kike, sai kin koma Ghost Mode, wato saitin da ke ɓoye inda kike. Lokeshan na kai-tsaye a WhatsApp yana iya yin awa 8 yana bin ka, mutane kuma a guruf suke turawa su manta. Hoton da ka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Babba in ya tona kansa, shi ya so. Amma yarinya 'yar shekara biyar, an tsayar da ita a bakin get ɗin makaranta, yunifom da bajo a fili, an rubuta cikakken sunanta da ajinsu. Gobe wani ya zo lokacin tashi ya kira ta da sunanta, ya ce mamanta ce ta aiko shi, ya ambaci sunan maman daidai. Me zai hana ta bin sa? Don Allah iyaye, ku tausaya wa yaran nan. Ku ɗauki hoton a cikin ɗaki, ku tura wa kakanninsu, ya wadatar.

Af, tun da ana maganar, masu shagon fotokwafi ku ma ku ji tsoron Allah. Kwanaki na sayi awara aka naɗe mini a takarda, ina buɗewa sai ga kwafin katin NIN na wani bawan Allah, da hotonsa da lambarsa da adireshinsa. In kwafi ya lalace ku yayyaga shi ko ku ƙona, ku daina tarawa kuna sayar wa masu suya.