Masu Son Sallamar Malamin Harshe Saboda Manhajar Waya

A ƙarshen watan Afrilun 2025 kamfanin Duolingo, mai manhajar da ta fi kowace shahara a duniya wajen koyar da harsuna ta waya, ya sanar da ƙaddamar da sababbin kwasa-kwasai 148 a lokaci guda. Ya ce da taimakon ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su cikin kimanin shekara ɗaya, alhali kwasa-kwasai 100 na farko sun ci wa kamfanin kusan shekara 12. A makon ne kuma shugaban kamfanin, Luis von Ahn, ya shaida wa ma'aikatansa cewa sannu a hankali za a daina ba 'yan kwantiragi duk aikin da na'ura za ta iya yi. Ba a jima ba ya yi wata hira wadda ita ce ta fi ci mini rai, inda ya nuna cewa koyarwa da na'ura ta fi saurin isa ga ɗimbin jama'a fiye da koyarwar malami, amma makarantu ba za su ɓace ba, domin har yanzu iyaye na buƙatar wurin da za a kula musu da yara. Ma'anar wannan magana ita ce malami zai koma mai reno, ilimi kuwa zai fito daga allon waya. Daga baya, da sukar jama'a ta yi yawa, ya sassauta harshe game da ma'aikatansa, sai dai ra'ayin ya riga ya fita, kuma ya samu kunnuwan da suka daɗe suna jiran sa.

Ba na ganin laifin ɗan kasuwa idan ya yabi hajarsa, wannan sana'arsa ce. Rigimata da waɗanda aka ɗora wa amanar ilimi ce, suka ji tallar suka ɗauke ta a matsayin hujja. A shekarar 2023 Jami'ar West Virginia ta Amurka, da giɓin dala miliyan 45 ya taso mata a kasafinta, ta fito da shawarar rufe sashen harsunan duniya baki ɗaya, kuma a cikin hanyoyin da ta ce tana dubawa don cike gurbin akwai haɗa gwiwa da wata manhajar koyon harshe ta intanet. A ƙarshe an soke duk digirin harsunan waje na jami'ar, aka bar malamai ƙalilan su riƙa koyar da wasu 'yan harsuna. Wannan ya zo ne a lokacin da alƙaluman ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka suka nuna cewa yawan masu ɗaukar darussan harsunan waje a manyan makarantun ƙasar ya ragu da kashi 16.6 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2021. Duk shugaban makarantar da kuɗi suka yanke masa, a ko'ina yake a duniya, yanzu ya samu abin fakewa: zai ce ba rage ilimi ya yi ba, zamani ya bi.

Alkawarin nan ba sabo ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata. Tun 1901 kamfanin Linguaphone ya fara sayar da darussan harshe da aka naɗi muryarsu domin a saurara a gida. Bayan dokar ilimi ta 1958 a Amurka, an zuba kuɗi wajen gina ɗakunan koyon harshe a makarantu, inda kowane ɗalibi ke zaune a ɗan akurkinsa da abin sauraro a kunne yana maimaita abin da kaset ya faɗa. A 1992 Rosetta Stone ta zo da faifan kwamfuta. Kowanne a zamaninsa an ce shi ne zai sauke wa mutane nauyin koyon harshe, kowanne ya taimaka gwargwadon ƙarfinsa, kuma babu wanda ya kawar da buƙatar mutum mai rai da zai saurari ɗalibi ya gyara masa.

Abin da masu tallar manhaja ba sa son a tsaya a kai shi ne lissafin sa'o'i. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, wadda ta shafe shekaru da dama tana wannan aiki, ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar sa'o'i 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, kimanin 900 kafin ya iya Jamusanci, da kuma 2,200 kafin ya iya Larabci ko Sinanci ko Japananci ko harshen Koriya. Waɗannan zaɓaɓɓun mutane ne da ba su da wani aiki sai karatun, suna zama a ƙananan azuzuwa da ƙwararrun malamai, kuma ba a lissafa da bitar da suke yi a gida ba. To a ɗauki mutumin da ke buɗe manhaja minti 15 kullum ba fashi. A shekara ya tara sa'o'i 91 ke nan. Ko da za mu yi masa sassauci mu ce kowane minti nasa daidai yake da minti a gaban malami, sai ya shekara fiye da shida kafin ya kai mafi ƙarancin sa'o'in Faransanci, Larabci kuwa sai ya shekara 24. Ba laifin manhaja ba ne cewa harshe yana da wuya. Laifinta, da laifin masu kambama ta, shi ne barin mutane su ɗauka cewa 'yan mintocin da ake yi kafin barci sun isa.

Sannan a duba abin da manhajar ke aunawa. Tana ƙirga kwana nawa mutum ya jera bai yi fashi ba, tana ba shi maki, tana jera sunansa da na wasu a gasar mako, tana aiko masa da tunatarwa idan ya yi jinkiri. Ba na musun cewa wannan yana sa wasu su dage, kuma dagewa tana da daraja. Amma kamfanin da ke samun kuɗinsa daga talla da kuɗin rajistar wata-wata, abin da ya fi buƙata shi ne mutum ya dawo gobe, kuma darasin da ke sa mutum ya dawo gobe shi ne wanda bai gajiyar da shi yau ba. Saboda haka ake ba shi kalmomi a jere ya danna su bi da bi, ko a ba shi amsoshi ya zaɓi ɗaya. Gane amsa idan an nuna maka ita abu ne daban da haƙo ta daga kanka a lokacin da wani ke tsaye yana jiran ka. Mutum zai iya jera kwana dubu yana gane amsa, ranar da baƙo ya tambaye shi hanya harshensa ya sarƙe.

Masana koyon harshe sun daɗe da sanin wannan giɓi. A 1985 Merrill Swain, wadda ta yi nazari a kan yaran Kanada masu jin Ingilishi da ake koyar da su darussan makaranta cikin Faransanci, ta lura cewa bayan shekaru suna fahimtar harshen sosai, amma idan suka buɗe baki ko suka ɗauki alƙalami nahawunsu bai kai na masu harshen ba. Abin da ta fitar daga nan shi ne ji da karatu kaɗai ba su wadatar ba, sai an matsa wa ɗalibi ya furta, ya ga inda ya gaza, ya sake gini. Akwai kuma binciken Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington a 2003, inda aka sa jarirai 'yan wata tara daga gidajen masu jin Ingilishi suka saurari Sinanci a zama 12. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu magana sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kawai ba su nuna sun koya ba. Na san baligi ba jariri ba ne, yana iya tilasta wa kansa karatu daga littafi ko allo. Duk da haka binciken ya taɓo wani abu da duk wanda ya koyi harshe da girmansa ya sani a jikinsa: kalmar da ka faɗa ba daidai ba a gaban mutum, ya ɗaga gira, ka ji kunya, ya gyara maka, ita ce ba ka mantawa.

Za a ce mini ai yanzu manhaja tana hira da mutum, tun da Duolingo kanta ta shigo da irin wannan tsari a 2023, kuma akwai wasu da yawa. Gaskiya ne, kuma ga mai jin nauyin magana a gaban mutane wurin gwaji ne mai amfani. Sai dai abokin hirar da ba ya gajiya, ba ya ɓata rai, ba ya katse ka, kuma yake gane nufinka ko ka karya jimla gida uku, ba ya shirya ka don haɗuwa da mutane, waɗanda suke magana da sauri, suke haɗiye rabin kalma, suke nufin abin da ba su faɗa ba.

Babbar damuwata kuwa tana kan ingancin abin da ake koyarwa. Waɗannan na'urori daga rubutu suke samun mafi yawan iliminsu, saboda haka ƙarfinsu a harshe yana bin yawan abin da aka rubuta da shi a intanet. A Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci suna da ƙarfi, amma da zarar an gangaro zuwa harsunan da rubutunsu bai yawaita ba sai kurakurai su yi yawa, kuma na'urar tana faɗin kuskure da irin tabbacin da take faɗin daidai. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kalmar wuya ta jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya ne, haka kuka na hawaye da kuka itace, karin sauti ne ke raba su a baki, kuma ba ma rubuta shi. Baƙon da ya dogara da na'urar da ta koyi Hausa daga rubutu zai iya shekara yana furta ɗaya a wurin ɗaya. Kowane harshe yana da irin waɗannan ramuka nasa. Tambayar ita ce wa zai gano kuskuren, tun da mai koyo shi ne mutumin da ya fi kowa rashin ikon gane cewa an koya masa ba daidai ba. Wanda zai gano shi ne ƙwararren da ya san harshen ciki da waje, wato dai mutumin da ake cewa a rage aikinsa. Kwasa-kwasai 148 cikin shekara ɗaya abin alfahari ne ga mai ƙirga yawa, amma ga mai tunanin ido nawa ne ya bi kowace jimla, abin fargaba ne.

Akwai kuma masu cewa koyon harshen ma ya zama ɓata lokaci, tun da Apple ta sanar a Satumban 2025 cewa na'urorinta na kunne za su riƙa fassara magana nan take, Google kuma ta ƙara harsuna 110 a manhajar fassararta a 2024. Waɗannan ba su cancanci doguwar amsa ba. A Oktoban 2017 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine ma'aikacin gini bayan da fassarar Facebook ta mayar da gaisuwar barka da safiya da ya rubuta da Larabci zuwa kiran a kai hari, kuma babu mai jin Larabcin da ya duba rubutun kafin a kama shi. Na'urar fassara ta inganta tun daga lokacin, amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma ƙasa ko ma'aikatar da ba ta da mutanenta masu jin harshen waɗanda take hulɗa da su ba ta da hanyar sanin ranar da na'urar ta yi mata ƙarya.

Kada a ɗauka ina kiran a jefar da waya. Wajen haddar kalmomi kwamfuta ta fi malami, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke cinye abin da aka koya idan ba a maimaita shi a kan lokaci ba, kuma manhajoji irin su Anki suna iya tuna wa mutum kowace kalma daidai lokacin da take shirin kuɓuce masa. Intanet ta kawo wa ɗalibi rediyo da jaridu da laccocin ƙasar da yake koyon harshenta, abin da a da sai mai halin tafiya ke samu. Mafi girman alherinta ma shi ne tana haɗa ɗalibi da malami na gaske ta kiran bidiyo ko da teku ya raba su. A lura cewa a duk waɗannan, fasahar tana kai ɗalibi ne ga maganar mutane, ba ta tsaya tsakaninsa da su ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. Hukumomin da ke tantance jami'o'i su ƙi amincewa da rajistar manhaja a matsayin madadin darasin harshe. Kuɗin da ake shirin biyan kamfanoni a karkata wani kaso nasa wajen horar da malamai yadda za su yi aiki da waɗannan kayan, a bar haddar kalmomi ga waya, a keɓe lokacin aji don magana da gyara. Kamfanonin kuma a tilasta musu bayyana sa'o'i nawa kwas ɗinsu ke ɗauka, da mataki nawa yake kai mutum a ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai hawa shida daga A1 zuwa C2, kuma ba su ne za su yi wa kansu jarrabawar ba. Duk shugaban jami'ar da ya zo da takardar rufe sashen harsuna yana ambaton manhaja, a ce masa ya fara kawo ɗalibai ashirin da suka koyi harshe da manhajar kaɗai, a zaunar da su gaban masu jarrabawa masu zaman kansu, a ji ko za su iya rabin sa'a suna muhawara a matakin B2, wato hawa na huɗu a ma'aunin, sannan a saurari sauran bayaninsa.